Inda zan kafa makunnin ɗumama kujera a motar da nake harhaɗawa

Duk wanda ya leƙo garejin da nake aikin motar nan a Agege, tambayarsa ɗaya ce: a Legas wa ke neman kujera mai ɗumi? Ni ne nake nema. Shekara da shekaru ina zaune a bayan sitiyari, ciwon baya ya kama ni, kuma ɗumi na sassauta mini shi. Ga shi motar ba ta da rufi. Irin ƙirar Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957, daga baya kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Wanda ya taɓa bin gadar Third Mainland bayan sallar asuba a watan Janairu, iska na dukansa ta ko'ina, ya san Legas ma tana da nata sanyin. Kuma ina da niyyar kai ta Jos da hunturu, in Allah ya yarda.

Mai ɗinkin kujera ya gama nasa, ya shimfiɗa wayoyin ɗumamar a ƙarƙashin fata, ɗaya a mazauni, ɗaya a majingina. Abin da ya rage ƙarami ne a ido: makunni biyu, kowace kujera da nata, a ina za su zauna?

Mai wayarin ɗina, dattijo ne ɗan Zariya da ya daɗe a Idi-Araba, bai ko yi jinkiri ba. Ya ɗora hannu a kan tudun nan na tsakiyar kujeru biyu, ya ce, "Alhaji, nan za mu huda. Waya ba za ta yi nisa ba, kai da uwargida kowa hannunsa zai kai." Na ce, "Baba, a ba ni zuwa gobe."

Maganarsa akwai hujja, motocin kamfani da yawa a nan suke sa shi. Sai dai su suna da rufi. Makunnin da aka kwantar a kan tudu fuskarsa sama take kallo, kuma kowa ya san ruwan Yuni da Yuli a garin nan, ba ya sallama. Ruwa zai taru a gefen makunnin, ya tsiyaya ciki, ga iskar teku mai gishiri da ke saurin kawo tsatsa. Akwai masu lambar IP67, waɗanda ƙura ba ta shiga kuma suna jure nutso na ɗan lokaci, na kuma nemo su a kasuwar Ladipo, amma kariyar sau da yawa ta gaba ce kawai, ƙafafun da waya ke kamawa a baya tsirara suke.

Sannan ga gwiwar hannu. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu a hagu yake, hannun dama ke sa giya, shi ke jan birkin hannu. A mota mai ƙunci irin wannan, gwiwar hannuna a kan tudun take kwana. A cunkoson Oshodi da tsakar rana, ana shiga giya ɗaya ana fita, sai ka danna makunni ba ka sani ba, kujera ta yi ta ɗaukar zafi kana zaton rana ce. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne abin da ke ƙarƙashi. Ta cikin tudun nan farfela, wato ƙarfen nan mai juyawa da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ta bi, ta nan muka bi da bututun mai da na birki. Ba na son a kai bakin injin huda kusa da su, ba na kuma son waya mai wuta tana lilo kusa da ƙarfen da ke juyawa, ga zafin giya yana gasa robarta.

Gefen kujera ban ma tsaya a kansa ba. Tsakanin kujerar da jikin motar ko tafin hannu ba ya shiga, kuma ba za ka ga fitilar makunnin ba.

Saura dashbod. Shi ma da sharaɗinsa, domin bel ɗin motar mai maɗauri huɗu ne, ba irin na motar gida da ke biyo ka in ka sunkuya ba. In ka ɗaure, kafaɗunka sun manne da kujera ke nan. Don haka na yanko kwali daidai girman makunnin, na shiga na ɗaure tam, na riƙa liƙa shi wuri-wuri da salatif ina miƙa hannu. Wurin da nake gani kusa ne ina tsaye a waje, da na ɗaure sai da ƙyar ɗan yatsa ya taɓa shi. Inda ya yi daidai shi ne tsakiyar dashbod ta ƙasa, gaban sandar giya kaɗan: a tsaye yake, ruwa zai zare ya wuce, inuwar leɓen dashbod na sa a ga fitilarsa ko da rana, kuma ya yi nesa da makunnin fitilun gaba, kada da dare hannu ya ɓata ya kashe abin da ba shi ake nufi ba. Na zaɓi mai shafaffiyar fuska da ake dannawa, ba mai tsinin ƙarfe ba, saboda gwiwar ƙafa na kusa da wurin in aka taka birki da ƙarfi.

Da na nuna wa Baba, ya ce wayar za ta ƙara tsawo, amma ba komai tunda rile zai sa, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa don ya buɗe wa babbar wuta hanya. Makunnin zai ɗauki 'yar wuta kaɗan ne kawai, babbar wutar ta bi ta rile daga batir, kowace kujera da fis ɗinta. Ya kuma ce daga makulli zai ɗauko wutar da ke tayar da rilen, yadda in an kashe mota ɗumamar ta mutu, ko da an manta makunnin a kunne, kada a wayi gari batir ya sauka.

Kwalin na nan liƙe, ba mu huda ba tukuna. Uwargida ta fi ni gajarta, sai ta zo ranar Asabar ta ɗaure bel ta gwada nata ɓangaren, in hannunta bai kai ba mu matsar da na daman kaɗan.