Abin da tof silinda ta koya mini a garejin tarakta

Yawancin taraktocin da ake kawo mana gareji a Kano daga gonakin shinkafar Kura da Kadawa suke fitowa, kuma galibi Massey Ferguson ne masu injin Perkins. Kukan masu su kusan ɗaya ne: injin na ɗaukar zafi, lagireto na shan ruwa, salansa na fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Mai tarakta kan iso da hukuncinsa a baki: "Gasket ne ya ƙone, a sa sabo kawai, gona na jira."

Maigidana ba ya musu da kowa. Sai ya ce, "To Alhaji, me ya ƙona shi?" A kan wannan tambayar na koyi rabin sana'ar. Gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin tof silinda (murfin saman injin) da jikin injin, ba ya ƙonewa haka siddan. Ko dai ƙaiƙayi da ƙura sun toshe lagireto, ko ruwan rijiyar da ake ɗura masa ya bar datti ya daskare a ciki, ko fambel ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. In ba a gano musabbabin ba, sabon da aka sayo a Ƙofar Ruwa ma ba zai ga ƙarshen kaka ba.

In an sauke tof silinda, wanki ne farko, har sai ƙarfen ya fito fes. Sannan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarta, a zura filageji, wato siraran ƙarafan auna tazara, a ƙarƙashi, a tsaye da a karkace, don zafi na lanƙwasa ta yadda ido ba zai gani ba. A kuma duba tsaga, musamman tsakanin mazaunin bawul biyu da kusa da ramin nozul. Injin gas, wato dizal, ba shi da fulogi. Matse iska yake yi sosai har ta yi zafin da zai kunna mai, shi ya sa 'yar kafar da injin fetur zai yi haƙuri da ita, shi ba zai yafe ba.

Masu son a yi ta kai tof sikimin, wato a kankare fuskarta da inji ta daidaita, kuwa, ina ganin ba su san tsadar abin da suke nema ba. Duk abin da aka kankare, bawul ya ƙara matsowa kusa da fistin ke nan, kuma ƙarfen da aka cire ba ya dawowa.

Girandin bawul aikin mai haƙuri ne. Kana murzawa da man niƙa, kana ɗagawa, kana sake murzawa, har sai wani siririn zobe mai ruwan toka ya zagaye bakin bawul ɗin babu yankewa. Daga nan a zuba kananzir ta ƙofar iska a zuba ido. In ya tsattsafo, a koma.

Wajen ɗauri ne yaran gareji ke son nuna ƙwanji, su zura bututu a sifana su hau kai. A wurinmu ba a yin haka. Daga tsakiya ake fara ɗaure notina ana fita gefe, mataki-mataki, da sifana mai awo, bisa adadin da kamfani ya rubuta. Sai a saita tazarar bawul, wadda a tsofaffin Perkins irin su 4.236 milimita 0.30 ce, injin yana sanye. Kafin a saki tarakta kuma, maigida sai ya tayar da ita, ya leƙa bakin lagireto ya tabbatar ruwan ba ya kumfa.