Asabar a Beijing: abin da allunan gidajen abinci ke faɗa

Yau Asabar babu darasi, saboda haka na bi wani abokin karatuna, Musulmi ɗan ƙabilar Hui, zuwa unguwar Wangfujing domin cin abincin rana a Donglaishun, inda ake tsoma siraran yankan naman rago cikin tafasasshen romo a tukunyar tagulla mai garwashi a tsakiya. Da na ga alamar "qingzhen" a bakin ƙofa, wadda Musulmin Sin ke nuna halal da ita, sai hankalina ya kwanta.

Muna jiran nama abokina ya warware mini sunan gidan. Ding Deshan, wanda ya kafa shi, ya fara ne da 'yar rumfa a kasuwar Dong'an a shekarar 1903, kuma daga gabashin birni yake shigowa, shi ya sa harufan uku suke nufin an zo daga gabas kuma lamura sun tafi daidai. Ashe yawancin sunayen nan fatan alheri ne da mai gida ke yi wa kasuwancinsa, domin haka harufan zinariya da na sa'a da na wadata suka cika allunan titi.

Da la'asar muka ratsa unguwar Qianmen, muka wuce ta gaban Quanjude mai gasasshiyar agwagwa. A 1864 Yang Quanren ya sayi wani shago da ya karye mai suna Dejuquan, kuma ana cewa wani masanin fengshui, wato ilimin gargajiyar Sin na tsara wuri don jawo sa'a, shi ne ya ba shi shawarar ya juya harufan domin a rabu da rashin sa'ar tsohon mai shi. Sunan ya haɗa cika da taruwa da nagarta, kuma gidan yana nan har yau, ko da yake ni ina ganin agwagwar ce ta riƙe shi, ba juyin harufa ba.

Labarin da ya fi zama mini a rai shi ne na Goubuli, gidan burodin da ake cusa wa nama da ke birnin Tianjin, wanda aka buɗe a 1858, domin babu wani fata a cikinsa. Mai gidan, Gao Guiyou, tun yana yaro ake kiransa Gouzi, wato ɗan kare, saboda iyaye a can kan laƙaba wa yaro suna maras daɗi don ya rayu, kamar yadda ake sa wa ɗan wabi Ajuji a ƙasar Hausa. Da ciniki ya yi masa yawa har ba ya ɗaga kai ya amsa gaisuwa, sai masu saye suka riƙa cewa Kare ba ya kula mutane, kuma wannan tsegumi ne ya zama sunan gidan. Da naman alade ake cusa burodinsu na asali da ake turarawa, saboda haka ko na je Tianjin, allon kawai zan tsaya in karanta.