Mita 18 na farko: abin da na koya bayan na karya kardan sau biyu

Motata ta farko Golf 3 ce ta hannu, daga Kwatano aka kawo ta, na saye ta da kuɗin da na tara ina yaron gareji a unguwar Zariya a nan Maraɗi. Inji lafiya lau, giya biyar, tana ja da ƙafafun gaba. Cikin wata shida na karya mata kardan (sandar ƙarfen da take kai ƙarfin inji daga giya zuwa taya) sau biyu, na ƙone kuloci (ambireyaji, kamar yadda muke cewa a gareji), na cinye tayoyi huɗu, kuma duk da haka wani dattijo mai tsohuwar Marsandi 190 yana barina a baya duk sa'ad da muka jera. Ƙannena masu sha'awar tseren miƙaƙƙen layi, ga inda na ɓata, domin kada ku biya kuɗin da na biya.

Wannan wasa a Amurka ya girma. A 1951 Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar masu irin wannan tsere, a Kalifoniya, kuma babban dalilinsa shi ne a janye samari daga tsere kan titunan jama'a a kai su fili mai tsari. Tsawon layin da aka sani shi ne rubu'in mil, wato mita 402, akwai kuma na rabinsa, mita 201. A takardar da ake miƙa wa direba bayan kowane gudu, lamba ta farko da masu ido suke dubawa ita ce ta lokacin da mota ta ɗauka kafin ta kai ƙafa 60, wato mita 18 da ɗan ɗoriya daga wurin tashi. A cikin wannan ɗan taƙin ake cin tsere ko a faɗi. Masu wasan sun daɗe da lura cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da ka rage a nan yakan zama fiye da haka idan an kai ƙarshen layi. Ni kuwa na shekara ina kashe kuɗi a kan salansa mai ƙara, ban taɓa auna mita 18 ɗin nan ba ko sau ɗaya.

Yadda nake tashi a lokacin shi ne in taka totur har allurar da take nuna juyin inji ta kai zagaye 5,000 a minti, sannan in zare ƙafa daga kuloci gaba ɗaya. Tayoyi su yi ta kuka, hayaƙi ya turnuƙe, yara su yi ta tafi, mota kuwa tana nan kusan inda take. Wata safiya maigidana ya tsaya ya kalli tashi uku, bai ce uffan ba. Da na fito sai ya kama hannuna ya ɗora tafina a kan tayar gaba, tana da zafi kamar tanda, sannan ya nuna mani baƙaƙen layuka biyu da na zana a kwalta. Ya ce, "Yaro, ƙarfin injinka ga shi nan kwance a ƙasa. Wanda ya tura mota gaba ɗan kaɗan ne."

Gaskiya ya faɗa. Duk ƙarfin inji ta wuri ɗaya yake isa ƙasa, wato ɗan fagen da roba take taɓa kwalta, wanda bai fi tafin hannu ba a kowace taya. Taya tana riƙo mafi kyau a daidai gaɓar da take shirin zamewa amma ba ta zame ba. Da ta fara juyi a banza, riƙon ya ragu, kuma ƙara mata wuta ba ya dawo da shi. Ga kuma batun nauyi: duk motar da ta zabura, nauyinta baya yake komawa, hanci ya ɗaga. Marsandin dattijon nan da ƙafafun baya take ja, kamar Fijo 504, saboda haka zaburar tana danna mata tayoyin da suke aiki. Golf da Korola da Starlet kuwa gaba suke ja, zaburar tana sauke nauyi daga kan tayoyin da ake buƙata. Mai irin motata dole ya fi kowa sanyin ƙafa. Ban san haka ba, har buhun yashi biyu na taɓa sa wa a bayan mota don na ji ana cewa nauyi yana ƙara riƙo. Na ƙara wa kaina kaya, na kuma ƙara ɗaga hancin.

Kardan ɗin ba ƙarfin inji ya karya shi ba. Akwai wani abu da yake faruwa idan taya ta kama, ta saki, ta sake kamawa cikin sauri: gaban mota ya riƙa tsalle yana girgiza, ka ji dukan har cikin sitiyari da haƙoranka. Duk dukan nan a kan kardan da giya yake sauka. Sau biyun da na ji shi na ci gaba da danna totur ina jiran ya wuce, sau biyun kuma aka ja ni da igiya zuwa gareji. Da kun ji wannan tsalle ku ɗaga ƙafa nan take, gudun ya riga ya lalace, ku ceci motar. Ku kuma duba robobin da suke riƙe inji, domin idan sun mutu tsallen ya fi saurin zuwa. Nawa a tsage suke ban lura ba.

Tashin da ya yi mani aiki daga baya ba shi da armashi ga ƴan kallo. Ina riƙe allura tsakanin 2,500 da 3,000. Ina ɗago kuloci zuwa inda ya fara cizo, in ji motar ta ɗan yunƙura, ina riƙe ta da birkin hannu. Idan lokaci ya yi in saki birkin, in ƙarasa ɗago kulocin da sauri amma ba da fizga ba, totur kuma in bi shi da dannawa a hankali, ba na kai shi ƙasa sai na ji tayoyi sun zauna. Ɗan gajeren kuka daga taya ba laifi, dogon kuka kuwa asara ne. Idan inji ya nutse kamar zai mutu, ka tashi da ƙasa da abin da ake buƙata, ƙara 200 ko 300 a gudu na gaba. Idan taya ta zame, rage. Wannan ɗan jan kulocin yana sa shi zafi, saboda haka a ba shi hutu tsakanin gudu da gudu. Da kun ji wari irin na ƙonewa, na yau ya ƙare. Mai mota otomatik nasa da sauƙi: ƙafar hagu a birki, ta dama ta ɗan ɗaga allura, amma kada ya daɗe a haka, man giya yana zafi da sauri.

Sai ƙona taya kafin tashi, wanda muka kwaso daga bidiyo ba mu tambayi dalili ba. Can a filin tsere ana yi ne da tayoyin tsere marasa zane, masu taushin roba, waɗanda sai sun ɗau zafi suke ɗanko, a kan fili da aka fesa wa wani ruwa mai kama da gam. Tayar titi ba a yi ta don haka ba. Idan ta yi zafi fiye da kima santsi take ƙarawa, balle a watan Afrilu na Maraɗi da kwalta da kanta take narkewa da rana tsaka. Juyi ɗaya gajere don kakkaɓe ƙura ya isa. Kuma mafi yawanmu tayoyin hannu muke sawa. Ku duba gefen taya, a ƙarshen rubutun DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Da na duba nawa na tarar sun haura shekara tara, robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Babu iya tashin da zai sa irin wannan taya ta riƙe.

Iska ma na yi kuskure a kanta. Na ji an ce a rage, sai na sauke ta zuwa kilo ɗaya, tayar ta lanƙwashe, motar ta riƙa lilo. Ana ragewa ne kaɗan-kaɗan daga abin da aka rubuta a jikin ƙofa, 0.1 ko 0.2 a kowane gwaji, a tayoyin da suke ja kawai, kuma ni ba na sauka ƙasa da 1.7 a tayar titi. Ku sayi ma'aunin iska naku, kada ku dogara da bugun yatsan mai faci.

Akwai abin da ya fi kardan nauyi a zuciyata. Gudun farko-farko duk a kan hanyar da ta fita gari muke yi, bayan sallar asuba, muna cewa ai ba kowa. Wata rana cikin hunturu, hazo ya sauka, na wuce alamar ƙarshe da gudu sai ga amalanken jaki ɗauke da karan gero ya hau kwalta, yaro ɗan shekara kamar goma yana zaune a sama. Na taka birki, tayoyin dama suka hau rairayin gefen hanya, motar ta juya ta tsaya a cikin gona. Tsakanina da amalanken bai fi taku uku ba. Yaron bai yi kuka ba, kallona kawai yake da igiyar jaki a hannu, kuma har yau ina ganin fuskar nan. Mun lissafa wurin gudu, ba mu lissafa wurin tsayawa ba, hanyar kuma ta mutane ce da dabbobinsu. Ko a Amurka, inda akwai shinge da motar asibiti, bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008 sai da aka rage wa motocin tsere mafi ƙarfi tsawon layi zuwa ƙafa 1,000, wato mita 305, don a samu ƙarin wurin tsayawa. Ina roƙonku saboda Allah, kada ku yi wannan wasa a kan hanyar Ɗan Isa ko ta Tibiri ko wata hanyar jama'a. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Koyon tashi ba ya buƙatar mita 402. Mu yanzu wani ɗan kasuwa ya ba mu izinin amfani da filin ajiyar manyan motocinsa ranar da babu lodi, fili mai katanga da ƙofa, shimfiɗe da siminti. Mita 18 kawai muke gudu sannan mu taka birki, kuma ko a nan mota tana iya haura kilomita 50 a awa, shi ya sa bel da hular kwano dole ne, ƴan kallo kuma bayan layin tashi suke tsayawa, ba gefe ba. Kafin komai tsintsiya muke ɗauka. Ƙurar da iskar hunturu take shimfiɗawa cikin dare ɗaya ta isa ta mai da tayar kirki ta banza, kuma sharar minti goma ta fi duk wani ƙarfe da na taɓa saye amfani. Da sassafe muke yi, iska mai sanyi ta fi cika, inji ya fi numfashi.

Na'urar aunawa ba mu da ita, waya muke amfani da ita. A zuba toka a layin tashi, a auna mita 18 da tef a zuba wata, mutum ɗaya ya tsaya nesa bayan shinge ya ɗauki bidiyon da ya haɗa layukan biyu. Yawancin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa, sai a ƙirga hotuna daga motsin taya na farko zuwa inda ta taka toka ta biyu. A littafi nake rubuta komai: ƙarfe nawa ne, iskar taya, inda allura take, hotuna nawa. Abu ɗaya tak nake canzawa a kowane gudu, domin idan ka canza biyu ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Shafin farko na littafin hoto 84 ne. Bayan wata uku, da injin nan dai ba a taɓa shi ba, sai sababbin tayoyi biyu a gaba, na rubuta 70. Idan mun gama kuma, kafin a buɗe ƙofa, famfon ƙafa yana nan a bayan mota, kowa ya mayar da iskar tayarsa yadda take sannan ya hau titi.