Itacen da Aka Sara Bana, Sai Baɗi

Ni dai da gatari na taso. A ƙauyenmu na gefen Funtuwa, tun ban cika shekara 12 ba nake bin yayyena daji da jaki mu yo geza da sabara, in an yi sa'a a dace da busasshen marke. Saboda haka ranar da muka kama hayar wani tsohon gida a arewacin jihar Mishigan ta Amurka, kusa da garin Kadilak, mai gidan ya nuna mini eka goma na kurmi a bayan gidan ya ce in ina iyawa in sari abin da zan ƙona, murmushi kawai na yi. Ɗan ƙauye za a tambaya ko ya iya itace?

A watan Nuwamba muka tare. Gidan yana da injin ɗumama ɗaki mai aiki da gas, amma da na ga kuɗin cika tankin sau ɗaya sai idona ya koma kan murhun ƙarfen da ke falo. Farkon Disamba na sayi injin zarto na hannu, na shiga kurmin na zaɓi wata bishiyar oak miƙaƙƙiya, na kayar da ita, na yanka, na faskara, na loda a murhu a daren nan ina jin kaina. Wuta ta ƙi. Itacen sai tsuwa yake yi, ruwa na tafasowa ta bakin kowane tsagi kamar an ɗora tukunya, gilashin murhun ya yi baƙi ƙirin, falo ya turnuƙe. Uwargida ta leƙo daga ɗaki cikin bargo biyu ta ce, "Malam, kifi muke banda ne?"

Washegari wani dattijo maƙwabcinmu, wanda a nan aka haife shi, ya hango irin hayaƙin da ke fita daga bututunmu ya tako. Bai yi dogon surutu ba. Ya ɗauki tsagi ɗaya ya sake raba shi, ya fito da wata 'yar na'ura mai tsinke biyu ya caka a tsakiya, lamba ta haura 40. Ya ce itacen da za a sa a murhu sai danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kuma jan oak irin wanda na sara yakan ci bazara biyu kafin ya kai haka. Shekara biyu! Mu da a gida in ka yar da ɗanyen reshe a ranar watan Maris, kafin ka waiwayo ya bushe ƙamas. Ya kuma gargaɗe ni a kan abin da ya fi rashin ɗumi muni: hayaƙin ɗanyen itace in ya hau bututu ya huce, yakan daskare ya zama wani baƙin abu kamar kwalta, ranar da ya kama wuta kuwa bututun kansa ne ke ci, har ya lashe rufin gida. Ashe abin da Hausawa suka ce ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Waccan shekarar sayen itace na yi, a nan ma na sha. Ma'auninsu shi ne kod: tuli mai tsawon ƙafa 8, tsayi ƙafa 4, faɗi ƙafa 4. Na ga talla da farashi mai sauƙi na ce a kawo uku, sai ga 'yar mota guda. Ashe a Mishigan galibi da layi ɗaya ake ciniki, mai tsawo da tsayi iri ɗaya amma faɗinsa inci 16 kacal, wato sulusin kod. Mutumin bai cuce ni ba, ni ne ban tambaya ba.

Duk da haka dattijon ya ce kar in ajiye injin, domin hunturu shi ne lokacin sara, ko da ba shi ne lokacin ƙona abin da aka sara ba. Ƙasa ta daskare, babu taɓo, ana iya jan gungume a kan dusar ƙanƙara ba tare da an kwakkwafe saiwoyin sauran bishiyoyi ba. Ganye ya zube, kana ganin saman bishiya tas, ka san inda ta karkata. Babu sauro, babu kaska. Sannan akwai wata cuta da ke kashe oak wadda ƙwari ke ɗauka zuwa sabon rauni, shi ya sa hukumar gandun daji ta jihar take gargaɗin kar a taɓa shi daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Yuli. Matsalar kawai gajartar yini. A Disamba gari ba ya wayewa sosai sai bayan takwas, biyar da 'yan mintuna kuma an kira magariba. Ka idar da azahar, ka yi yanka kaɗan, la'asar ta kawo kai.

Abin da ya cece mu a hunturu na biyu matattun bishiyoyin ash ne. Wani koren ƙwaro mai ƙyalli, ɗan asalin Asiya, wanda aka fara ganowa a 2002 a kusa da Ditroit, ya kashe miliyoyinsu. Tsutsarsa ce ke cin abin da ke ƙarƙashin ɓawo, in ka ɓare za ka ga zane a karkace kamar sawun maciji a rairayi. Da yake a cikin itacen girki ya yi ta yaɗuwa daga gari zuwa gari, ko'ina za ka ji ana cewa inda ka sari itace nan za ka ƙona shi. Ash da ma ba shi da ruwa kamar oak, wanda ya mutu a tsaye kuma ya riga ya yi nisa a bushewa. Amma mugun abokin hulɗa ne. Ya yi gautsi. Wata Asabar ina cikin yanka gindin wani, girgizar injin ta karyo reshe kamar cinyata daga can sama, ya soki ƙanƙara taku ɗaya daga inda nake. Ban ji zuwansa ba saboda ƙarar inji. Na kashe shi na zauna a kan kututture ina salati, gwiwoyina na rawa. Ranar Litinin na sayi hular kwano mai garkuwar fuska, da wandon nan mai zare a ciki wanda ke cushe injin ya tsayar da sarƙa in ta taɓa ƙafa. Da ina ganinsu kayan tsoro ne na Turawa.

Kayar da bishiya ma ba irin namu ba ne na sara ta zagaye har ta faɗi inda ta ga dama. Ana fara cire ɓalli a gefen da ake so ta faɗa, zurfin kamar rubu'in kaurinta, sannan a yanko ta baya, amma ba a haɗe yankan biyu. Ana barin wani siririn tsiri a tsakani, shi ke riƙe ta yana yi mata jagora kamar ƙyauren ƙofa. In ta ƙi motsi a buga weji na roba, wato tsinin da ake cusawa a cikin yankan baya. Kafin duk wannan kuwa ka tattake hanyar gudu a cikin ƙanƙarar, a karkace ta baya, don mutum ba ya gudu a dusar da ta kai gwiwa. Kan injin ta sama kuma kar ya taɓa komai, in ya taɓa zabura yake yi ya nufo fuska. Sarƙar da ta ci ƙasa sau ɗaya ta dakushe. Da ka ga ta daina fitar da ɓarɓashi tana fitar da gari, tsaya ka ɗauko magagari.

Faskare ne wurin da na samu mutuncina ya dawo, shi ne kuma abin da nake so har yau. Gatarinsu na faskare nauyi gare shi, wajen kilo uku, keyarsa guduma ce, bakinsa mai kauri. Ba yanka yake yi ba, buɗewa yake yi. A ranar da sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri, gungumen ash ko mapul da ya daskare bugu ɗaya yake jira, ya dare gida biyu da wata ƙara mai daɗi, fas! Sai dai ƙarfi ba shi ne aikin ba. Kowane gungume yana da 'yan tsage-tsage da ke fitowa daga cibiyarsa, ka duba mafi girma ka bi shi. Manya kuma ba a fara musu ta tsakiya, ana ɓantarar gefe ne ana zagayawa. Ka nufi bakin da ke kusa da kai, don in ka zarce ƙota ce za ta sha bugun. Biyu na karya kafin in yarda. Dattijon ya koya mini dabarar saka guntaye cikin tsohuwar tayar mota, sai ka yi ta bugu ba ka sunkuyawa tsince. Akwai dai wata bishiya, elm, da zarenta ya sarƙe da juna kamar saƙar tabarma. Na binne weji biyu da gatari a cikin gungume ɗaya, na bar su suka kwana. Yanzu in na gan ta gaishe ta kawai nake yi in wuce.

A kan haka na fahimci cewa nauyin busasshen itace shi ne zafinsa. Oak da mapul su ne kirya da marke na nan, garwashinsu yana kai asuba. Popla kuwa kamar rimi ne, ya ci bal-bal ya bar ka da toka, sai dai a hura wuta da shi.

Gumi ma abokin gaba ne. Na shiga da katuwar riga da singiletin auduga, na jiƙe sharkaf, da na tsaya shan shayi sai haƙora suka fara haɗuwa. Yanzu da ɗan jin sanyi nake farawa, ina cire riga kafin gumi ya zo. Wata ciyawa mai yaɗo kamar igiya mai gashi-gashi da ke nannaɗe jikin bishiya kuma, na fizge ta da hannu, na yi mako biyu ina susa da ƙuraje. Ko a hunturu dafinta na nan, hayaƙinta kuma ya fi taɓa ta haɗari.

Jera itace na raina, shi ya fi ba ni kunya. Na jera layi mai tsawo kai tsaye a kan daskararriyar ƙasa, ya wuce kaina, na lulluɓe shi da tamfol har ƙasa kamar buhunan masara. A watan Afrilu ƙasa ta narke ta yi laushi ta gefe ɗaya, muna barci muka ji rugugi. Da na ɗaga tamfol ɗin, na ƙasa sun yi funfuna, na tsakiya suna nan jiƙe kamar jiya aka sara, domin na hana su iska. Na sake jerawa daga farko. Na shimfiɗa katakon ɗora kaya don su rabu da ƙasa, na zaɓi fili mai rana inda iskar yamma ke ratsawa, na tsaya a tsayin ƙirji. Bakin layi biyu na gina su a gicciye, biyu haka biyu haka, su zama ginshiƙi. Sama kawai na rufe da tsohon kwano na danne da duwatsu. Itace yana motsewa in yana bushewa, don haka lokaci-lokaci nakan bi layin in bubbuga waɗanda suka leƙo. A bakin kowane layi na rubuta shekarar sara da fenti.

Muna cin kusan kod huɗu a hunturu guda, saboda haka a kowane lokaci akwai tuli uku a bayan gida: na yanzu, na baɗi, da oak mai jiran baɗin baɗaɗa. A makon jiya na buɗe layin oak ɗin nan na farko, wanda ya turnuƙe mana falo. Ya yi furfura, bakinsa ya tsattsage, ɓawo na saɓulewa da kansa. Na haɗa biyu na gwara, suka yi ƙara ƙwal. Na'urar da na saya tawa ta nuna 17. Na jefa uku a murhu bayan isha'i, da asuba toka kawai na kaɗe na tarar da jan garwashi.

Ina tsugune gaban murhun ne Inna ta kira ta bidiyo. Na juya mata wayar ta ga wutar, na leƙa da ita taga ta ga layukan itacen cikin ƙanƙara. Ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, duk karatun da ka yi, har Amurkar ma faskare ka je yi?" Na ce, "Eh, Inna." Ta tambaya ko akwai gara a nan. Na ce ban taɓa gani ba. Ta ce to in ɗaga na ƙasan duk da haka.