Aikina a kilinik ɗin masu rawar jiki

Duk wanda na ce wa ina aikin bincike a asibiti sai ya ɗauka ina cikin leb ne da farar riga ina haɗa sinadarai. Ina! Ni mai taimaka wa likitocin da ke bincike ce a kan cututtukan motsin jiki, galibi dai Parkinson, ciwon nan mai sa rawar jiki, kuma rabin aikin cike fom ne, sauran kuma hira da tsofaffi da 'ya'yansu.

Kafin a taɓa mutum sai takardar amincewa, in karanta masa da Hausa, in gaya masa jinin da za a ɗiba na binciken ƙwayoyin gado ne ba magani za a ba shi ba, kuma ko ya ce a'a ba abin da zai hana likita duba shi. Nan ake daɗewa. Sai ka ji ɗan ya ce "Malama, jinin Baba ina za a kai shi?" kuma wallahi da gaskiyarsa. Ni dai sai in ba su labarin 2023, lokacin da aka gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin ciwon ga 'yan asalin Afirka, mafi yawan jinin daga Najeriya ya fito, da su Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas a cikin aikin. Shekara da shekaru ana ta bincike a kan Turawa ba a gan shi ba, don kusan babu shi a jikinsu.

Shi gwajin motsin jiki likita ke yi da ma'aunin MDS-UPDRS, maki 0 zuwa 4 a kowane abu: buga yatsa da babban yatsa sau goma, buɗe hannu da rufewa, tashi daga kujera hannu a ƙirji, tafiya a dawo, sai a ja mutum ta baya a ga ko zai tare kansa. Ni ina riƙe da kamara, kuma ni ke rubuta ƙarfe nawa ya sha maganin ciwon, levodopa, na ƙarshe. Wannan layi ɗaya in ya karkace makin gaba ɗaya ya tashi a banza, don wani gwajin ana so mutum ya yi awa 12 bai sha ba. Baba zai ce bai sha ba, 'yarsa ta matso ta raɗa min ai ya sha bayan asuba don ya iya shiga mota. Wani kuma maganin ya ƙare tun tuni, tsada ta sa yake raba ƙwaya biyu bai gaya wa kowa ba.

Abin da fom bai sani ba shi ne mutanenmu ba sa kai ƙarar jikinsu. Alhaji ya jiki? Da sauƙi, alhamdulillahi, alhali cokali ma ya gagare shi. Dole ka bi ta gefe: wa ke ɓalla masa maɓallin riga, yana iya sujada ko a zaune yake salla yanzu, yana jin ƙanshin turare, kwana nawa yake yi bai zaga ba. Maganar naushi da ihu cikin barci kuwa Hajiya ce ta sani, kuma ba a gaban 'ya'ya ake tambayarta ba. Haka nan sai na binciki duk abin da ake sayo masa a kemis, don metoclopramide na amai da haloperidol na taɓin hankali suna kawo karkarwa da sanƙarewa irin ta Parkinson sak.

Wanda ke ci min rai shi ne gwajin ƙwaƙwalwa na MoCA, maki 30. A ce wa malamin tsangaya da ya haddace izu sittin ya zana agogo da akwati, ya haɗa lambobi da baƙaƙen boko, ya kasa, sannan takarda ta nuna wai tunaninsa ya fara taɓuwa. Ni ban yarda ba sam. Akwai MoCA-Basic da aka yi don wanda bai yi boko ba, amma in tsarin binciken bai ambace shi ba ba ni da ikon canzawa, iyakata in rubuta a gefe cewa karatun allo ya yi.

Da yamma sai shigar da komai cikin REDCap, manhajar adana bayanan bincike, kowa da lambarsa ba suna, jinin kuma ya shiga firiza a ranar. In ka bar gurbi ɗaya fayau za a dawo maka da tambaya ko bayan wata nawa ne, ga shi mutumin ya koma ƙauye, lambar wayar da aka bari kuma ta maƙwabci ce.