Wasiƙa daga Ingila: bayan an ba ɗalibi gurbi, sauran aiki na waye?

Zuwa ga malaman jami'o'inmu, da magatakarda, da shugabannin sassa, da shugabannin ɗalibai a gida.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri daga 'yan'uwanku masu koyarwa da masu aikin kula da ɗalibai a jami'o'in Ingila.

Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayyar Najeriya ya riga ya tanadi cuɗanya: kashi 45 cikin 100 na gurabe na waɗanda suka fi maki ne, kashi 35 na 'yan yankin da jami'a take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Tun 2017 kuma JAMB take shirya wa makafi jarrabawarsu ta musamman. Saboda haka ƙofar shiga ba ta dame mu ba a wannan wasiƙa. Abin da ya dame mu shi ne halin da ɗalibi ke shiga bayan ya gama rajista. Makaho ya ci jarrabawa, ya tarar takardun darasi duk hoto ne, manhajar da ke karanta masa rubutu da murya ba ta iya karanta su. Ɗan Inugu ya zo Kano, malami ya koma Hausa daidai inda bayani ya yi tsauri. Bahaushe a Nsukka, an sa masa gwaji ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a. Babu wanda ya zauna ya ƙulla musu sharri. Jadawali da gini da takarda ne ke korarsu, kuma duk ukun suna hannunku.

Kada ku zaci a nan an gama da matsalar. A 2019 ƙungiyar jami'o'in Birtaniya da ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa sun fitar da rahoto: a zangon 2017/18, kusan kashi 81 cikin 100 na ɗalibai fararen fata sun fita da digiri mai daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu, amma a cikin baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya da sauran tsiraru kashi 68 ne kawai. Giɓin bai ɓace ba ko da an kwatanta waɗanda suka shigo da sakamako iri ɗaya. Abin koyi a nan shi ne sun ƙirga, kuma sun buga abin da suka gani duk da kunyar da ke ciki.

Mu fara da masu buƙata ta musamman, domin a nan doka ta fi fitowa fili. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta wajabta wa jami'a ta yi tanadi tun kafin ɗalibi ya roƙa. Wata shari'a ta nuna nauyin wannan. A watan Afrilu 2018 wata ɗalibar kimiyyar fiziks a Jami'ar Bristol, mai fama da matsanancin tsoron magana a gaban mutane, ta kashe kanta a ranar da aka tsara za ta gabatar da aiki a babban ɗakin lacca. Kotu ta yanke a 2022 cewa jami'ar ta saɓa dokar, tunda ma'aikata sun san halin da take ciki amma ba a sauya mata hanyar gwajin ba, kuma babbar kotu ta tabbatar da hukuncin a 2024. Darasin ga malami shi ne: idan ka ga alama a fili, kada ka tsaya jiran takardar likita. Tambayi kanka me kake son aunawa. Idan fahimtar darasi ce, ana iya auna ta a rubuce, ko a ofis gaban malamai biyu.

Najeriya ma tana da tata dokar hana wariya ga nakasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika. An kuwa gina gangaren keken guragu a wurare da yawa, sai dai galibi ba sa hawuwa. Ƙa'idar ita ce, duk santimita 1 na tsayi yana buƙatar aƙalla santimita 12 na tsawo. Matakala uku masu santimita 15 kowacce sun ba da 45, wato gangare mai mita 5.4 ke nan mafi ƙaranci, kuma a dokar gini ta nan idan gangare ya yi tsawo haka sai an ƙara kwantar da shi. Faɗinsa mita 1.5, da ƙarfen riƙo hagu da dama, da fili mai lebur sama da ƙasa. Abin da ke faruwa shi ne a bar magini da idonsa, ya zuba siminti a kan matakalar cikin mita ɗaya, ya shafe shi da tayil mai santsi, ga kwata a buɗe a gindinsa. Mai keke ba zai hau ba sai an tura shi, abin da aka gina gangaren don a kauce masa ke nan. Inda babu kuɗin gini, akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo: duk ajin da ke da mai keke, jami'in jadawali ya saukar da shi ƙasan bene. Sharaɗin kawai shi ne sunan ɗalibin ya isa wurinsa kafin a fitar da jadawali, don haka a sa tambayar a fom ɗin rajista.

Ga makafi, manhajar NVDA kyauta ce, tana karanta rubutun kwamfuta da murya. Amma shafin littafi da aka ɗauka da waya, ko aka yi sikanin ɗinsa, a wurinta bango ne. A ba su rubutun da aka buga da kwamfuta, awa 24 zuwa 48 kafin lacca, kuma malami ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa a allo maimakon "kamar yadda kuke gani a nan". Kurma kuma a zaunar da shi gaba, kada malami ya yi magana ya juya baya, in da mai fassara da maganar hannu a ba shi takardun tun da wuri. A jarrabawa, ƙarin lokacin da aka saba bayarwa a nan kashi 25 ne, wato minti 15 a kowace awa. A zaunar da masu ƙarin lokaci a ɗaki dabam, in ba haka ba hayaniyar masu fita za ta cinye mintocin. Idan wani ne zai rubuta wa makaho, kada ya zama ɗan sashen, kuma a ba su dama su gwada aiki tare kafin ranar.

Sai addini da jadawali. Jami'o'i da yawa a nan suna barin yammacin Laraba babu darasi saboda wasanni. Wanda ya iya keɓe rabin yini don ƙwallo zai iya keɓe awa biyu don Juma'a. Da yawa kuma suna ba ɗalibai fom a farkon zango su rubuta ranakun ibadarsu kafin a tsara jarrabawa. A gida, ma'aunin adalcinku shi ne yadda kuke yi da wanda ya zama tsiraru a harabarku. Laccar cike gurbi da safiyar Lahadi a Sakkwato daidai take da gwajin Juma'a a Fatakwal.

Aikin rukuni ma wuri ne da ake yawan kuskure. In aka ce ɗalibai su zaɓi abokan aiki, kowa wajen 'yan garinsu zai nufa, mutum biyu ko uku su rage a tsaye. Malami ya raba da kansa, mutum 4 zuwa 5. Amma kada garin neman cuɗanya ya warwatsa mata biyar na ajin injiniya ɗaya-ɗaya cikin rukuni biyar. Wadda ta zama ita kaɗai cikin maza takan ƙare a mai rubuta bayanan taro. A sa su bibbiyu. Game da harshe, ba laifi ba ne malami ya fayyace abu da Hausa, kuma sau da yawa yana taimako. Laifin shi ne ya wuce bai maimaita da Turanci ba.

Wajen duba takardu, suna kaɗai yana bayyana jiha da addini da jinsi. A nan ana amfani da lambar jarrabawa dabam da lambar rajista, malami na biyu kuma ya sake duba wani kaso, galibi kashi 10, haɗe da duk waɗanda suka faɗi. Wannan ba ya aiki a kundin kammala digiri da gwajin baka, inda malami ya san fuskar ɗalibi, shi ya sa a can ake sa mutum biyu su ba da maki kowa da kansa kafin su haɗu.

Hanyar ƙorafi kuwa, muddin ta bi ta ofishin wanda ake ƙara, ba hanya ba ce. Ɗalibar da malami ya matsa wa ba za ta kai takarda wurin abokin shan shayinsa ba. A Ingila da Wales, idan ɗalibi ya bi matakan jami'a har ƙarshe, ana ba shi takardar shaidar kammala su, yana da wata 12 ya kai ƙara wani ofishi mai zaman kansa a wajen jami'a, kyauta. Ko babu irin wannan ofishi, jami'a na iya buɗe ƙofa biyu ko uku na karɓar ƙorafi, ta rubuta wa'adin amsa, ta kuma ɗauke takardun jarrabawar mai ƙara daga hannun wanda ake ƙara tun ranar farko.

Bayanan da ake buƙata don gano inda ake zubar da ɗalibai suna nan a ofishin magatakarda: jiha, jinsi, makin shiga, sakamako. A ƙarshen kowane zango a fitar da su sashe-sashe, a ga su waye ke faɗuwa a shekarar farko, su waye ke barin karatu, su waye ke fita da daraja ta ɗaya. Inda rukuni bai kai mutum 10 ba, a haɗa shekaru biyu ko uku don kada a gane mutum. A kai teburin gaban majalisar dattawan jami'a, a rubuta sunan ofishin da zai amsa tambaya a kai a zango mai zuwa.

Wassalam.

'Yan'uwanku a Ingila.