Abinda aikin koci ya koya min akan dan wasan gaba

Shekara tara kenan ina horar da yara kwallo a filin makarantar unguwarmu, kuma in ka tambayeni kuskuren da yafi ci min rai a wannan aikin to akan wani yaro ne mai buga lamba tara, bahago, shekararsa 17 a lokacin. Wallahi yaron nan ya san raga. Ba wai gudu ko yanka ba, a'a, irin wanda kafin a bugo kuros shi ya riga ya san inda kwallon zata sauka, sai dai kaga ya bullo ta bayan mai tsaron baya ya dan taba ta. Takalminsa na hagu sau uku ana kaiwa wajen mai dinki saboda nan ne yake cinyewa.

Wani karamin kulob dake buga gasar kasa da Firimiyar Najeriya suka nemeshi, albashin ba wani abin kirki bane amma zai dinga buga wasa duk sati. A daidai lokacin kuma wani mutum yazo da mota da hotunan yan wasa a wayarsa yace shi ejan ne, wato dillalin yan wasa, zai kaishi gwaji Turai, a kawo kudin biza da tikiti. Yaron yazo ya sameni bayan tirenin yace Koci me ka gani? Nace masa ya bar maganar karamin kulob din, irinka ba na nan bane. Ni na fadi haka da bakina. Babansa ya saida fulotinsa, ina zaune akan tabarma a zauren gidansu aka kirga kudin, dattijon yana cewa Malam Koci tunda kai ka yarda nima na yarda. Aka tafi dashi Legas wai jiran biza, wata bakwai yana kwance a daki daya da wasu yara, ba tirenin ba wasa, daga baya wayar mutumin ta daina shiga. Ya dawo yayi kiba, kafar tayi nauyi, kaka biyu ta wuce shi.

Abinda yafi bani haushi shine a lokacin ma doka a fili take, FIFA bata yarda a dauki yaro dan kasa da shekara 18 daga wata kasa zuwa wata ba sai a wasu yanayi kalilan, kuma misalin yana nan a gabanmu. Ahmed Musa da ya ci kwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara bugawa VVV-Venlo ta Holan. Kuma ku duba ina ya fara, daga Jos, makarantar koyon kwallo ta GBS, ya buga kulob din JUTH, yazo Pillars, sannan Venlo wadda yawancinmu a gidan kallo bamu taba jin sunanta ba sai dalilinsa. Daga nan CSKA Mosko a 2012. Tsani ne yabi hawa hawa. Ni kuma naso yarona ya haye katanga da tsalle daya.

Bayan abin ya faru na zauna na dinga bin tarihin yan wasan gaba, sai na lura da abu daya, benci yana kashe dan gaba fiye da kowa a fili. Mai tsaron baya zai iya zaman wata biyu ya dawo ya rike, amma mai cin kwallo in ya dade bai ji kwallo ta taba raga ba sai ya fara tunani a gaban gola, kuma da ka fara tunani a wajen nan an gama da kai. Shi kansa Musa da Leicester ta sayeshi a 2016 bai samu wasa yadda ya kamata ba, sai a Janairun 2018 ya koma CSKA aro yana bugawa, watanni kadan bayan nan ya zurawa Aisland biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha. Osimhen ma haka, yaci 10 a kofin duniya na yan kasa da 17 a Chile a 2015, kowa yace shikenan ya wuce, ya tafi Wolfsburg ta Jamus bai ci ko daya ba, ga rauni ga zazzabin cizon sauro. Da ya sauko Charleroi ta Beljiyam a 2018 ya samu wasa sai gashi da kwallo 20, daga nan Lille, daga nan Napoli inda yaci 26 a gasar Italiya a kakar 2022/2023 suka dauki kofin da suka shekara 33 basu gani ba. Saukowar nan da wasu zasu kira ci baya ita ta tasheshi.

Yanzu duk wanda yazo min da maganar gwaji a waje abu na farko ina takardar gayyata daga kulob din, kuma in yace iyaye su kawo kudi to mun gama magana, ina fada masa a gaban uban yaron ba a bayan ido ba. Wasu iyayen suna jin haushina, akwai wanda ya cire dansa daga wajena yace ina tare masa arziki, naji zafi sosai amma ban canza ba.

Shi kuwa yaron nawa yanzu shekararsa 22, yana wani karamin kulob irin wanda na hanashi zuwa tun farko, da safe kuma yana taya yayansa zama a shago. Naje kallonsa kwanaki, an sakoshi bayan hutun rabin lokaci, kuros na farko da aka bugo ya bullo ta bayan mai tsaron baya kamar da, ya taba da hagu ta daki karfe ta fita. Da aka tashi yazo ya gaisheni har kasa yace Koci saura kadan. Har yau babansa in mun hadu a masallaci shi yake fara miko min hannu, bai taba tada min maganar fulotin ba.